Bugun Folger na wasan Romeo da Juliet, ga mai son ganin yadda wuya ta gasa Juliet

Duk wanda aka ɗora wa rubuta sharhi a kan Juliet, ɗalibi ne ko malami, da Turancin wasan zai fara yin karo. Fiye da shekara 400 ke nan da Shakespeare ya rubuta shi, kuma ko waɗanda aka haifa a Ingila sai da ɗan jagora suke bin sa. Saboda haka zaɓen bugun da za a saya ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na ɗakin karatu na Folger da ke birnin Washinton a Amurka, wanda Barbara Mowat da Paul Werstine suka tsara, kamfanin Simon & Schuster ke bugawa. An auna shi ne da tambaya guda: in mutum yana son bin sawun yadda yarinyar nan ta tashi daga mai cewa "to, Mama" ta koma wadda uba da uwa da fada, wato limamin coci, suka kasa tanƙwarawa, littafin zai kai shi ko zai bar shi a hanya?

Ƙaramin bugun na shiga aljihun riga, shafinsa ya haura 300, kuɗinsa a Amurka bai kai dala 10 ba. Tsarinsa shi ne babban abin da ake saye. Matanin wasan yana shafin dama, bayanin kalmomi yana shafin hagu daidai saitinsa, kowane bayani da lambar layinsa. A farkon kowace fitowa an sa taƙaitaccen labarin abin da zai faru, jimla biyu ko uku. Akwai tsofaffin zane-zane da aka ɗebo daga littattafan da ke ajiye a ɗakin karatun. A gaba akwai gabatarwa kan yadda ake karanta harshen Shakespeare, da rayuwarsa, da dandalin wasa na zamaninsa. A baya akwai sharhin Gail Kern Paster da jerin layukan da suka yi suna. Wannan gabatarwar harshe, wadda yawancin masu saye ke tsallakewa, ta fi komai amfani ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, domin tana nuna yadda ake juya jimla a sa aikatau gaban mai aikatawa, da yadda ake raba kalmomin da ya kamata su zauna tare. Minti ashirin a kanta zai rage wahalar kwana biyu.

Wasan ya zo mana ta bugu biyu na farko. Na 1597 gajere ne, na 1599 ya fi tsawo kuma shi masana suka fi dogara da shi. Folger na 1599 ya bi. Duk inda masu tsarawa suka sa hannu, ko suka aro wani abu daga wani bugun, sun kewaye shi da 'yar alama mai kama da rabin baka, don mai karatu ya san ba haka asalin yake ba. Ba a yanke komai ba, har da barkwancin batsa da ke bakin Mercutio abokin Romeo da uwar goyon Juliet da barorin da suka buɗe wasan. Malamin da zai karantar da yara gara ya riga su dubawa.

To, ga gwajin.

A kashi na 1, fitowa ta 3, Juliet ba ta cika shekara 14 ba, saura mako biyu da 'yan kwanaki. Uwarta da uwar goyonta suna ta zuba, ita kuwa maganarta duka ba ta kai layi 10 ba. An tambaye ta ra'ayinta kan aure, ta ce daraja ce da ba ta taɓa mafarkinta ba. An ce ta dubi Paris, mai neman aurenta, a wurin liyafa, ta ce za ta duba, amma idonta ba zai wuce iyakar da uwarta ta yarje ba. A nan shafin hagu ya yi aikinsa, domin ya fassara ranar bikin da uwar goyo ke lissafi da ita, har mai karatu ya gane cewa daren 31 ga Yuli aka haife ta, wato wasan a tsakiyar zafin Yuli yake gudana. Yana da kyau a riƙe wannan shiru nata a rai, da shi za a gwada duk abin da zai biyo baya.

Daren da suka haɗu da Romeo ne aka fara jin muryarta. Kalmar "wherefore" da ke cikin shahararren layin nan na "Wherefore art thou Romeo?" ta ɓatar da mutane da yawa, suna zaton cewa take "ina kake, Romeo?" Bayanin ya gyara wannan kai tsaye: "don me" take nufi, don me ya zama Romeo, ɗan gidan Montague, abokan gabar gidansu. Kuskuren ba ƙarami ba ne, domin wanda ya fahimce shi a karkace zai ɗauka yarinya ce ke begen saurayi, alhali lissafin matsala take yi. A cikin wannan zance ita ce ta hana shi rantsuwa da wata tunda wata canzawa yake, ita ce ta ce abin ya yi gaggawa, kuma ita ce ta kawo maganar aure: in da gaske yake ya aiko gobe ya faɗi wuri da lokaci. Ke nan tun kafin wata masifa ta sauka, tana da kai. Abin da wuya ta yi mata daga baya shi ne ta cire mata duk wanda take jingina da shi, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya faɗi ranar Litinin da yamma, sa'o'i kaɗan bayan ɗaurin auren sirri. Romeo ya kashe Tybalt, ɗan'uwanta ta wajen uwa, sarkin Verona ya kore shi daga gari. A kashi na 3, fitowa ta 2, uwar goyo ta shigo tana kururuwa "ya mutu, ya mutu" ba ta faɗi wa ba, har Juliet ta zaci mijinta ne. Da gaskiya ta fito sai ta yi ta jera kalmomi masu karo da juna, azzalumi kyakkyawa, shaiɗan mai siffar mala'ika. Amma da uwar goyo ta kama zagin Romeo tare da ita, nan take ta juya ta ce harshenta ya yi ƙuraje. Uwar goyo ta ce, za ki yabi wanda ya kashe ɗan'uwanki? Ta ce, zan zagi wanda yake mijina? Daga nan ta zauna ta warware lissafin da kanta: Tybalt ya so kashe mijina, mijina yana raye, Tybalt ya mutu, to kukan me nake? Bayanin Folger a wannan wuri ya tsaya kan kalmomi ne, bai ja hankalin mai karatu kan juyin ba. Wanda bai sa ido ba zai wuce wurin da ta zaɓi gidan miji a kan gidan uba ba tare da ya lura ba.

A fitowar da ke biye, Romeo yana kwance a ƙasa a ɗakin Fada Lawrence yana kuka, har ya zaro wuƙa zai soki kansa, fada yana yi masa faɗa cewa ko namiji ne shi. Labari ɗaya ya same su su biyu. A karanta fitowar nan biyu a zama ɗaya, bambancin zai fito da kansa.

Inda littafin ya fi biyan kuɗinsa shi ne kashi na 3, fitowa ta 5, kuma a nan ya kamata mai karatu ya yi zango. Asubar Talata Romeo ya sauka ta igiya ya nufi garin Mantua. Uwarta ta shigo ta tarar da ita tana kuka, ta ɗauka kukan Tybalt ne. Juliet ta shiga yi mata magana mai baki biyu, uwa tana jin ƙiyayya ga Romeo, mai kallo yana jin so. Akwai layin da ta ce ba za ta gamsu da Romeo ba sai ta gan shi, sai kalmar "matacce" ta biyo, sai ta ci gaba da "zuciyata". In ka haɗa kalmar da abin da ya gabata, so take ta gan shi matacce. In ka haɗa ta da abin da ya biyo, zuciyarta ce matacciya saboda rashinsa. Folger ya sa karan tsayawa a gaban kalmar da bayanta, ya bar ta tana lilo tsakanin ma'ana biyun, kuma haka ya dace. Bugun da ya sa aya a wuri ɗaya ya kashe dabarar. Yarinyar da kwana biyu da suka wuce ba ta iya ɗaga ido ba sai da izini, yau tana yi wa uwarta ƙarya ba tare da ta faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba.

Sai aka sanar da ita an sa aurenta da Paris ranar Alhamis. Ta ƙi. Ubanta Capulet, wanda a kashi na 1 ya ce wa Paris a bari sai ta ƙara shekara biyu kuma yardarta ce gaba, shi ne yanzu ke cewa zai ja ta zuwa coci a kan abin da ake jan masu laifi zuwa wurin kisa. Wannan kalma ta ƙarshe tana cikin waɗanda ba za a gane munin su ba sai da shafin hagu. Ta durƙusa ta roƙi ya saurari kalma ɗaya, ya ce hannunsa na ƙaiƙayi. Ya ce in tasa ce zai ba da ita ga abokinsa, in ba tasa ba ce ta yi bara, ta ji yunwa, ta mutu a titi. Ta juya ga uwarta ta roƙi a ɗaga auren wata ɗaya, ko mako ɗaya. Uwa ta ce kar ki yi mini magana, na gama da ke. Mai karatun da ya saba da labaran auren dole a littattafan soyayya na Hausa zai ji kamar ya san ɗakin nan, sai dai a tuna cewa a nan matsalar ta ninka: yarinyar matar aure ce, aure kan aure ake shirin yi mata, kuma ba ta da bakin faɗa.

Saura uwar goyo, matar da ta shayar da ita, ta kai saƙo, ta ɗauko igiyar. Juliet ta ce mata, ki ba ni shawara. Ta ce, Romeo korarre ne, ba zai dawo ba, ki auri Paris, Romeo tsumman goge kwano ne a gabansa. Juliet ta ce, har zuciyarki kike faɗa? Ta ce, har raina ma, in ba haka ba tsinuwa ta hau zuciyar da ran duka biyun. Juliet ta ce, "Amin." Uwar goyo ta ce, me? Juliet ta ce, ai kin kwantar mini da hankali ƙwarai, je ki gaya wa Mama na tafi wurin fada neman gafara. Wannan "Amin" ita ce tsakiyar halin Juliet, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa zafinta, ya san abin da ake nufi in mutum ya tsine wa kansa aka amsa masa da amin. Bayan matar ta fita ne ta ce daga yau ita da sirrin zuciyarta sun raba gari, in komai ya ƙi, ikon mutuwa yana hannunta. Cikin fitowa ɗaya ta rasa miji, uba, uwa da uwar goyo, kuma da kowane ya tafi maganarta sai ta ƙara gajarta ta ƙara sanyi.

A kashi na 4 ta je wa fada da wuƙa a hannu. Ta lissafa abin da za ta iya yi da ta auri Paris: ta diro daga kan hasumiya, ta kwana inda macizai suke, a ɗaure ta da namun daji, a rufe ta a ɗakin ƙasusuwan matattu. Fada ya ba ta 'yar kwalbar maganin da zai sa ta zama kamar gawa na sa'a 42. Ta ce ba ni, ba ni, kar ka yi mini zancen tsoro. Ta koma gida ta durƙusa wa ubanta da tuban ƙarya, kuma tuban ya yi kyau fiye da kima, domin murna ta sa Capulet ya dawo da auren daga Alhamis zuwa Laraba. Wannan kwana ɗaya da aka rage yana cikin abin da ya rushe shirin, don haka a ja masa layi.

Zancen zucin da ta yi kafin ta sha maganin, a fitowa ta 3, ya kai kimanin layi 45, kuma shi ne amsa ga duk mai cewa yarinta ce kawai ke ɗibarta. Ta kira uwar goyo, sai ta katse kanta ta ce me za ta yi a nan, wannan mugun wasa ni kaɗai zan yi shi. Ta ajiye wuƙa a gefenta ko da maganin zai ƙi aiki. Sannan ta bi tsoronta ɗaya bayan ɗaya: ko guba ce fada ya ba ta don ya rufe asirin auren da ya ɗaura, ko ta farka kafin Romeo ya zo ta shaƙe a ɗakin gawarwakin dangi, ko ta haukace tsakanin ƙasusuwan kakanninta da gawar Tybalt da ba ta daɗe ba. Duk abin da ta yi cika baki da shi a gaban fada, yanzu ta gan shi da idon zuci, kuma ta sha. Bayanan wannan shafi suna da kyau, musamman kan wani tsiro da Turawan zamanin da suka yi imani yana kururuwa in an tumɓuke shi har mai ji ya zautu.

Ƙarshen kuwa gajere ne, kuma gajartarsa ma'ana ce. Wasiƙar fada ba ta isa Mantua ba domin an kulle ɗan aiken a gida saboda zargin annoba. Romeo ya ji labarin mutuwa, ya sayi guba da tsabar zinariya 40, ya yi jawabin sama da layi 40 kafin ya sha. Juliet ta farka, fada ya ce zai ɓoye ta a gidan mata masu zaman ibada, ya ji motsi ya ce ba zai iya tsayawa ba. Ta ce ka tafi, ni ba inda za ni. Abin da ta faɗa daga nan har ta soki kanta bai wuce kimanin layi 10 ba. Ɗalibi ya kula kar ya mai da wannan yabo tsagwaron, domin wasan kansa bai wanke kisan kai ba, fada ya kira shi abin tsinuwa tun lokacin da Romeo ya zaro wuƙa. Ƙudirin da wuya ta gina mata shi ne ya hana ta ganin ƙofar ƙarshe da aka buɗe mata.

Yanzu ga inda bugun ke da rauni. Na farko, lambar layi. Folger yana ƙidaya yadda layukan suka zauna a ƙaramin shafinsa, don haka zuwa ƙarshen doguwar fitowa lambarsa kan zarce ta wasu bugu da layi goma ko fiye. Wasu bugu ma sun haɗe zancen daren farko da fitowar da ta gabace shi, sai abin da Folger ya kira kashi na 2 fitowa ta 2 ya zama fitowa ta 1 a can. In aji ɗaya na amfani da bugu daban-daban, a riƙa faɗin kalmomin farkon layi tare da lamba. Haka kalmomi: inda Romeo ya ji labarin mutuwa, mutane da yawa sun haddace "defy", wato ya ja daga da taurari, wanda ya samo asali daga bugun 1597, amma Folger "deny" ya buga, wato ya yi inkarinsu. Mai kawo layi a jarrabawa ya faɗi bugun da ya bi.

Na biyu, bayanin kalma yake yi, ba bayanin hali ba. Akwai bambancin "you" da "thou" wanda ya yi kusa da namu na "ku" na girmamawa da "kai" ko "ke" na sabo. A liyafa Juliet "you" take ce wa Romeo, cikin lambu da dare ta koma "thou". Uwarta kuwa, da "you" da laƙabin girma Juliet ke kiranta ko a tsakiyar rigima. Wannan ma'auni ne mai kyau na nisa da kusanci, amma sai mai karatu ya bi shi da fensir da kansa. Haka lissafin kwanaki: wasan ya fara Lahadi da safe, ya ƙare wajen asubahin Alhamis bisa ƙidayar da aka fi yi, alhali a waƙar Arthur Brooke ta 1562 da Shakespeare ya ɗauko labarin, abin ya ɗauki watanni kuma Juliet ta kusa shekara 16. Matse lokacin da rage shekarun su ne suka sa wuyar ta zo mata a jere ba numfashi. Gara mutum ya zana jadawalin kwanakin a bangon littafin, kuma kar ya wahalar da kansa da sa'a 42 ɗin, lissafin ba ya fita daidai ko ta ina aka bi.

Na uku, jikin littafin. Takardar ƙaramin bugun mai araha ce, tana ja da tsufa, gefen shafi kuma ba shi da filin rubutu sosai, biro mai ruwa yana ratsawa. In aka danne shi a buɗe da ƙarfi, gam ɗin baya kan tsage. Akwai babban bugu mai faɗin shafi, shi ya fi dacewa da malami.

In aka gwada shi da 'yan'uwansa, bugun No Fear Shakespeare yana sa Turancin zamani a gefen na asali. Yana saurin fahimtar da labari, amma ido kan gudu zuwa shafi mai sauƙi, kuma magana mai baki biyu irin ta Juliet da uwarta ba ta tsira daga sauƙaƙawa. Cambridge School Shakespeare ya cika shafin hagu da ayyukan aji da tambayoyi, ya fi kyau ga malamin da zai sa yara su taka wasan. Arden na René Weis, wanda ya fito a 2012, na mai rubuta kundin digiri ne, bayaninsa kan cinye rabin shafi, kuma zai yi wa mai farawa nauyi. Ga ɗalibin sakandare ko na shekarun farko a jami'a da ke karatu shi kaɗai, Folger ne ya fi daidai.

Matanin wasan yana nan kyauta a shafin intanet na Folger, ana iya sauke shi a waya, kuma lambar layinsa ta yi daidai da ta littafin, sai dai babu bayanan shafin hagu, waɗanda su ne dalilin sayen. Mai saye a kasuwa, musamman na hannu, ya buɗe kashi na 3 fitowa ta 5 ya tabbatar bayanin hagu yana saitin layukan dama, domin kwafin da aka yi wa hoto aka sake ɗinkewa yakan zame da shafi ɗaya, sai bayanin ya koma bayan takarda. Ya kuma duba sunan Mowat da Werstine a bango, saboda akwai tsohon jerin Folger na kafin 1992 da wasu mutane daban suka tsara, matani da lambobinsa ba ɗaya suke da wannan ba.